Jirgin yamma daga Ikeja zuwa Kano, da daren da kyaftin ya ƙi tashi

Shekara 19 ke nan ina zaune a Agege, kuma aikina shi ne bin takardun fatun da ake jemewa a masana'antun Challawa da Sharaɗa har su shiga jirgin ruwa a Apapa, don haka ƙafata ɗaya tana Legas ɗaya tana Kano. Daga watan Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu na hau jirgin wani kamfani guda na cikin gida sau 14 a kan wannan hanya, kuma duk sawu nakan rubuta lokacin da aka ce za a tashi da lokacin da aka tashi ɗin a bangon ɗan littafin da nake lissafin kwantena a cikinsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin wasu abubuwan da zan faɗa sun shafi ma'aikatan da har yanzu a nan suke cin abinci, kuma duk wanda ya saba shiga jiragen cikin gida zai gane cewa halin bai tsaya a kamfani ɗaya ba.

Sayen tikiti ba shi da wata wahala. Manhajarsu ta waya tana aiki, kuma tikiti yakan shigo ta imel kafin mutum ya ajiye wayar. Sau ɗaya ne aka cire mini kuɗi ba a ba ni kujera ba, aka mayar da su bayan kwana 9 da kira 3. Farashi kuwa yana da halin tumatirin kasuwar Mile 12 ta Legas, domin da zarar Juma'a ta gabato ko hutun ƙarshen shekara ya kama, sai ya yi tashin gwauron zabi, kuma wanda ya saya da mako biyu a gaba shi ne ya huta. Ma'aikatan kanta a Ikeja suna da sauri da ladabi, layin awon kaya ba ya daɗewa, kuma jakata ta sauka tare da ni a kowane sawu in ban da guda, wanda ta biyo jirgin washegari aka kira ni na je na karɓa.

A cikin jirgi akwai tsabta daidai gwargwado, ko da yake kujerun sun ji jiki, kuma na zauna sau biyu a bayan kujerar da ɗan teburinta ya saki har sai an riƙe shi da gwiwa. Tafiyar kimanin sa'a ɗaya da rabi ce, ana ba da ɗan kwali mai biskit da ɗan kek da lemo da ruwa, wanda ba zai ƙosar da kowa ba amma ya isa a jiƙa maƙoshi. Ma'aikatan cikin jirgi suna da haƙuri da tsofaffi, na kuma ga wata daga cikinsu ta durƙusa ta ɗaura wa wata Hajiya bel da hannunta ba tare da ta ɓata fuska ba. Ƙorafina a nan guda ne: duk sanarwa da Turanci ake yinta, har da bayanin ƙofofin fita idan an sami matsala, alhali a kan hanyar Kano kusan kowane layin kujeru akwai wanda ba ya jin abin da ake faɗa. Naɗar bayanin da Hausa a sa a lasifika ba zai ci wa kamfanin komai ba.

Inda aikin kamfanin ya rabu gida biyu shi ne kan lokaci. A sawu 14 ɗin nan, 6 na safe ne, kuma 5 daga cikinsu sun tashi kafin rabin sa'a ta wuce a kan abin da aka rubuta a tikiti. Sauran 8 na yamma ne, kuma ɗaya tak ya tashi a kan kari. Ragowar sun yi jinkirin da ya kama daga sa'a ɗaya zuwa huɗu, ɗaya kuma bai tashi ba sam. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya zauna ya lura da lambar da ke jikin jirgin. Jirgin da zai kai mu Kano da yamma shi ne ya je Abuja da safe, ya dawo, ya je Fatakwal ko Owerri, ya dawo, kuma duk minti 20 da ya ɓata a wani wuri wajen jiran motar mai, ko jiran wani babba ya wuce a buɗe sararin sama, ko jiran hazo ya ɗaga, yana nan a wuyansa har dare. Ƙari a kan haka, filayen jirgi da dama a ƙasar nan ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana, saboda haka idan al'amura suka cakuɗe sai kamfani ya fara sallamar waɗancan, ya tura Kano ƙarshe, tunda filin Malam Aminu Kano yana karɓar jirgi da dare. Mu fasinjojin Kano mu ne muke biyan bashin jinkirin yinin gaba ɗaya, kuma, kamar yadda na gane daga baya, matuƙan ma tare da mu suke biya.

Sawun da bai tashi ba a tsakiyar Janairu ne, lokacin da hazo ya yi kauri a arewa. An rubuta ƙarfe 5:40 na yamma. Na baro Agege da wuri, na bi ta Ikeja Along, na isa da sa'a biyu a hannu, kuma ina zaune a ɗakin jira saƙon tes ya shigo cewa an ɗaga tashi zuwa 7:30. Muka yi Magariba, muka yi Isha, aka ce 9:00. Jirgin bai iso ba sai wajen 9:50, aka sauke waɗanda ke ciki, aka shigar da mu da gaggawa, kuma 10:20 ta yi muna zaune kowa ya ɗaura bel, ana jiran motar mai. Rabin sa'a ta wuce babu motsi. Daga nan ƙofar ɗakin matuƙa ta buɗe, kyaftin ɗin ya fito da kansa, mutum mai furfura a gefen kai, ya karɓi abin magana daga hannun ma'aikaciya ya tsaya inda kowa zai gan shi. Ya ce shi da mataimakinsa sun kama aiki tun ƙarfe 9 na safe, sun yi sawu huɗu, kuma ko a wannan minti aka gama zuba mai ba za su sauka Kano ba sai bayan 12:30 na dare, wanda zai kai su fiye da sa'a 15 a bakin aiki. Ya ce doka ba ta ba shi wannan dama ba, kuma ko da ta ba shi, ba zai kai mutane sama da ɗari cikin hazon Kano a irin gajiyar da yake ji ba. Ya ba da haƙuri sau biyu, ya mayar da abin maganar, ya koma ciki.

Jirgin ya kaure da hayaniya, wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar bidiyo. Wani Alhaji da ke gabana, wanda za a ɗaura auren 'yarsa da ƙarfe 10 na safe a Kano, ya miƙe yana cewa direban tirela yana tasowa daga Dawanau ba ya tsayawa sai Mile 12, ina dalilin da mai tuƙin sa'a ɗaya da rabi zai ce ya gaji. Wani dattijo da ke gefen taga ya amsa masa a hankali ya ce, "Alhaji, ai shi ya sa muke ganin su a kwance a gefen titi tsakanin Mokwa da Jebba." Wasu suka yi dariya, Alhajin bai yi ba. Ni ma ba zan wanke kaina ba, domin a wannan lokaci ina cikin waɗanda suka ɗaga murya, kuma abin da na faɗa wa ma'aikaciyar da ke tsaye kusa da ni ba abin da zan so a maimaita mini ba ne.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a waje, wajen 11:40, bayan mun karɓo kayanmu. A bakin inda motoci ke ɗaukar mutane na ga mataimakin matuƙin a zaune a kan dakalin siminti, ya cire hularsa ya ɗora a kan jakarsa, ya sassauta igiyar takalminsa, yana duba waya yana jiran motar haya. Saurayi ne da bai fi shekara 30 ba, kuma da na ji ya amsa waya da Hausa sai na matsa na yi masa sallama. Na ce, "Sannu da aiki, ƙanena." Ya yi yunƙurin miƙewa ya ce, "Yauwa Alhaji, a yi mana haƙuri, mun ɓata muku tafiya." Idanunsa sun yi ja, kuma sau biyu ya danne hamma a cikin 'yar hirar da ba ta wuce minti biyar ba. Na tambaye shi inda ya nufa, ya ce Ajah, domin a can ne kuɗin haya ya yi daidai da aljihunsa. Ya tashi tun ƙarfe 5, ya yi Asuba ya kama hanya don ya riga cunkoson gadar Third Mainland, kuma yanzu zai sake ratsa Legas daga wannan gefe zuwa wancan kafin ya ga katifarsa. Na yi lissafi a zuci: da mun tashi, da wannan yaro zai taimaka wajen saukar da mu a Kano cikin hazo bayan ya yi fiye da sa'a 19 idonsa biyu. Sa'o'in da ya ɓata a hanya daga Ajah kuwa babu littafin da ya ƙirga su a matsayin aiki.

Inda kamfanin ya faɗi warwas shi ne abin da ya biyo bayan sanarwar kyaftin. Sashe na 19 na dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ya fayyace haƙƙin fasinjan cikin gida: bayan jinkirin sa'a biyu a ba shi abin sha da abin taɓawa, bayan sa'a uku yana da damar karɓar kuɗinsa, idan kuma abin ya faɗa tsakanin 10 na dare da 4 na asuba a ba shi masauki da motar da za ta kai shi ta dawo da shi. A daren nan ba mu ga ko ruwan leda ba a cikin sa'a huɗu da muka yi a ɗakin jira. Manajan tashar ya yi ɓatan dabo, aka bar 'yan mata biyu a kanta suna shan zagin mutum ɗari. Sai da wani fasinja, wanda da alama lauya ne, ya buɗe dokar a wayarsa ya karanta da ƙarfi, sannan aka fara maganar otal, kuma ɗakunan da aka samo wajen ƙarfe ɗaya na dare ba su isa rabin mutane ba. Ni da nake da gida a Agege na koma, amma akwai mata da yara da suka kwana a kan kujerun ƙarfe na filin jirgi. An kwashe mu washegari da 11:15 na safe, wato bayan an riga an shafa fatiha a ɗaurin auren 'yar Alhaji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya yi. Ofishin da ke tsara jadawalin ma'aikata ya san ƙarfe nawa matuƙan suka kama aiki, ya san jirgin yana bayan lokaci da sa'a uku tun la'asar, saboda haka tun ƙarfe 6 na yamma ya san cewa sa'o'insu za su cika kafin su kai Kano. A lokacin akwai damar kiran wasu matuƙan da ke jiran ko-ta-kwana, in akwai su, ko a gaya mana gaskiya kowa ya nemi mafita tun jiragen wasu kamfanoni ba su gama tashi ba. Maimakon haka aka shigar da mu jirgi aka rufe ƙofa, wanda a ganina wata hanya ce ta ɗora wa kyaftin nauyin, a ga ko idanun fasinjoji za su sa ya ji kunya ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kamfanin da ba ya ajiye matuƙan ko-ta-kwana a babbar tasharsa ta Legas a tsakiyar lokacin hazo, tsimin kuɗi yake yi da barcin ma'aikatansa.

Da na ba maƙwabcina labarin, wani dattijo da ya yi aikin injiniyan jirgi a Nigeria Airways har zuwa lokacin da ya durƙushe a 2003, bai yi mamakin komai ba sai ƙarfin halin kyaftin ɗin. Ya ce mini, "Ɗana, barci ɓarawo ne, kuma ba ya tambayar lasisi." Abin da ya bayyana mini shi ne cewa gajiyar matuƙi ba ta tsaya ga gyangyaɗi ba. Tun kafin ido ya rufe, mutum yakan fara jinkirin amsa kira, ya karanta lamba ya manta, ya maƙale wa agogo ɗaya a gabansa ya bar sauran, kuma mafi muni shi ne ba ya jin cewa ya ragu. Masu bincike a Ostireliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna komawa kamar na wanda barasar da ke jininsa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari, mizanin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙin mota a kansa. Yawan sawu ma yana da nasa nauyi, domin tashi da sauka su ne suka fi cin hankali, kuma matuƙin gajerun hanyoyi da ke sauka sau biyar a yini yana shan wahalar da mai doguwar tafiya guda ba ya sha. Misalai suna nan a rubuce. A Mayun 2010 jirgin Air India Express ya zarce titin sauka a Mangalore ta Indiya, mutum 158 suka rasu, kuma bincike ya gano cewa kyaftin ɗin ya yi barci mai nauyi a yawancin tafiyar, ya farka dab da sauka kansa bai gama washewa ba. A Agustan 2022 jirgin Ethiopian Airlines daga Khartum ya wuce filin Adis Ababa a sama saboda matuƙan biyu sun yi barci, a Janairun 2024 kuma matuƙan Batik Air biyu sun yi barcin minti 28 a kan hanyar Jakarta, mataimakin yana da tagwaye jarirai a gida da suke hana shi runtsawa.

Labarin da ya fi kama da na saurayin Ajah ya faru ne a Amurka. Ran 12 ga Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air, wani ƙaramin kamfani da ke yi wa babban kamfanin jiragen Continental jigilar gajerun hanyoyi a lokacin, ya taso daga Newark ya faɗi a kan wani gida kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu har da ɗaya a ƙasa. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ɗora babban dalilin a kan kuskuren da kyaftin ya yi lokacin da jirgin ya rasa gudu, ta kuma ce mai yiwuwa gajiya ta rage wa matuƙan biyu kuzari. Abin da ya girgiza jama'a shi ne abin da ya fito a zaman sauraron bahasi: mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, albashinta bai wuce kimanin dala 16,000 a shekara ba, tana zaune a gidan iyayenta kusa da Seattle, a can ɗaya gefen ƙasar, kuma ta kwana ne tana bin jiragen dakon kaya don ta iso wurin aiki. Kyaftin ɗin ma daga Florida yake zuwa. Jaridu da talabijin suka kama maganar ba su sake ta ba, iyalan mamatan suka yi ta zarya a majalisar dokoki, ƙungiyar matuƙa ta ALPA, wadda ta daɗe tana kuka a kan sa'o'in aiki, ta sami masu saurare. A Agustan 2010 aka sa hannu a kan sabuwar doka, kuma daga Janairun 2014 ƙa'idojin hutu suka fara aiki: aƙalla sa'a 10 na hutu kafin kama aiki, da damar barcin sa'a 8 ba yankewa a cikinsu, sannan tsawon yinin aiki tsakanin sa'a 9 da 14 gwargwadon lokacin da aka fara da yawan sawu. Tarayyar Turai ma ta fara aiki da sabon ma'auninta a 2016, inda yinin aiki na yau da kullum ba ya wuce sa'a 13, tuƙi kuma ba ya wuce sa'a 900 a shekara. Duk da haka dokar Amurka ba ta ƙirga tafiyar matuƙi daga gida zuwa filin jirgi ba; abin da ta yi shi ne ta wajabta masa ya tabbatar kafin kowane sawu cewa yana da kuzarin aiki, wato nauyin ya sake komawa kan mutum guda da zai iya cewa a'a.

A nan gida ma dokokin NCAA sun iyakance sa'o'in tuƙi da na aiki, sun kuma tanadi hutu, kuma da su kyaftin ɗinmu ya kafa hujja. Matsalar ita ce abin da ke jiran matuƙi bayan ya ce a'a. Matasa da yawa sun gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ko sun yi karatu a waje da kuɗi masu yawa, suna zaune ba aiki, kuma wanda ya samu sau da yawa yana ɗaure da yarjejeniyar biyan kuɗin horon da kamfani ya yi masa idan ya bar aiki da wuri. Inda kuma wani kaso na abin da mutum yake samu ya dogara da yawan sa'o'in da ya tuƙa, gajiya takan zama abin da ake ɓoyewa. Kyaftin mai furfura zai iya fitowa ya tsaya gaban fasinjoji. Saurayin Ajah, da shi kaɗai ne, ban tabbata zai iya ba, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wannan gurbi ne na ƙungiyar ƙwadago. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jiragen sama ta ƙasa, NAAPE, tana nan, kuma ta nuna tana da haƙora a Agustan 2020 lokacin da ta shiga yajin aiki a kamfanin Bristow mai jiragen helikwafta a kan albashi da bambancin da ake nunawa tsakanin 'yan ƙasa da baƙi, a makon da kamfanin ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100 yana kafa hujja da annobar korona. Sai dai abin da ke isowa kunnenmu mu fasinjoji daga ƙungiyoyin sufurin sama kusan kullum maganar albashi ce da haƙƙin sallama da toshe ƙofar filin jirgi. Waɗannan haƙƙoƙi ne na gaskiya, amma da ƙungiyar za ta fito ta yi wa jama'a bayanin jadawalin aiki da sa'o'in hutu da harshen da za su gane, da ta sami abokan tafiya a cikin mutanen da suke zagin 'ya'yanta a yau.

'Yan jarida ma suna da nasu kaso. Bidiyon darenmu ya zaga Facebook da WhatsApp kafin gari ya waye, kuma taken da aka yi masa shi ne matuƙi ya ce barci yake ji ya bar fasinjoji a jirgi. Wasu shafukan labarai suka ɗauka haka suka buga, masu sharhi a ƙasa suka yi ta neman a kore shi. Ban ga wanda ya tambayi ƙarfe nawa ya kama aiki ba, ko sawu nawa ya yi, ko me ya hana kamfani kawo wani. An bar jaki ana dukan taiki. Mu mazauna Agege ba mu manta ran 3 ga Yunin 2012 ba, lokacin da jirgin Dana ya faɗi a Iju-Ishaga, nan kusa da mu, da mutum 153 a cikinsa. Wancan haɗari matsalar injuna ce, bai shafi gajiya ba, amma mun ga yadda kafafen labarai suka cika unguwar mako guda suna tambayoyin da ya kamata a ce an yi su tun jirgin yana ƙasa. Kafafen Hausa musamman, waɗanda fasinjojin wannan hanya suke saurare, suna da damar gayyato tsohon matuƙi ko jami'in ƙungiya su zauna da shi rabin sa'a a kan wannan batu kaɗai.

Hukuncina a kan kamfanin ya kasu kamar yadda aikinsa ya kasu. Matuƙansa da ma'aikatan cikin jirgi sun cancanci yabo, kuma tun daga daren nan hankalina ya fi kwanciya idan na ji muryar wancan kyaftin a lasifika, abin da ya faru sau biyu a Fabrairu. Sayen tikiti da awon kaya ba laifi. Tsara jadawali, faɗin gaskiya a kan lokaci, da kula da fasinja idan tafiya ta lalace kuwa, a nan ban ba su ko kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda zai bi wannan hanya ya ɗauki jirgin farko na safe, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma idan sha'anin da zai kai shi ba ya jira, kamar ɗaurin aure ko zaman kotu ko ganin likita, ya tafi da kwana guda a hannu. Idan jinkiri ya kai sa'a uku a jirgin yamma, ya je kanta ya tambaya kai tsaye ko matuƙan da ke tafe da jirgin su ne za su wuce da shi Kano, domin amsar, ko rashin amsar, za ta gaya masa ko ya nemi kuɗinsa tun da sauran jirage. Ya kuma ajiye katin shiga jirgi da saƙonnin tes ɗin da aka turo masa, domin da su ne ake shigar da ƙorafi a teburin kare haƙƙin fasinja na NCAA da ke cikin filin jirgin.

Ni na shigar da nawa ƙorafin a kan rashin ruwa da masauki da kuɗin motar da na biya zuwa Agege da dawowa, na kuma rubuta a ƙarshen takardar cewa ba ni da wata ƙara a kan matuƙan. Bayan mako biyar kamfanin ya aiko mini da imel na ban haƙuri da rangwame a kan tikiti na gaba, wanda na yi amfani da shi na sayi kujera a jirgin 6:45 na safe.